Tragedy: kalmar da ta fito daga waƙar bunsuru

Idan kwale-kwale ya kife da mutane, ko gobara ta lashe kasuwa cikin dare, da wuya ka buɗe jaridar Turanci ba ka ci karo da kalmar tragedy ba. Masu fassara labarai kan ce iftila'i ko musiba, wani lokaci bala'i. Duk sun yi daidai, sai dai kalmar ba a bakin 'yan jarida aka haife ta ba. A dandalin wasan kwaikwayo ta girma.

Asalinta Girkanci ne, tragoidia: tragos shi ne bunsuru, oide kuma waƙa. Wato waƙar bunsuru. Ina ruwan bunsuru, mai warin nan, da kuka da zaman makoki? A birnin Atina na ƙasar Girka, wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akan yi gasar wasanni a bikin gunkinsu Dionysus. Wasu masana sun ce bunsuru ake ba wanda ya lashe gasar, wasu sun ce shi ake yankawa a wurin bikin, wasu kuma sun danganta abin da fatar akuya da 'yan amshi ke yafawa.

Wasan da ake kira tragedy yana da ƙa'ida. Babban mutum ne, ba mugu ba, da hannunsa zai jawo wa kansa faɗuwa. Dubi Oedipus, a wasan marubucin Girka Sophocles: ya kashe mahaifinsa bai sani ba, ya auri mahaifiyarsa, ya matsa sai an binciko mai laifin kisan, ashe shi ne. Da gaskiya ta bayyana sai ya tsokale idanunsa. Masanin Girka Aristotle ya ce irin wannan wasa tausayi da tsoro yake cusa wa mai kallo. Othello na Shakespeare ma haka, zugar wani sojansa mai suna Iago ta sa ya shaƙe matarsa Desdemona, sannan ya soke kansa.

Daga Girkanci kalmar ta bi ta Latin da Faransanci, ta shiga Turanci a ƙarni na 14, har marubucin waƙoƙin Ingila Chaucer ya yi amfani da ita.

Yau kam ta yi laushi a baki. Nutsewar jirgin ruwan Titanic a 1912, inda mutum kusan 1,500 suka halaka, tragedy ce. Amma ɗan kallon ƙwallo a Ingila ma, idan aka zura wa ƙungiyarsa ƙwallo a minti na 90, da ita zai yi ta kururuwa a hanyarsa ta komawa gida.