Sunan da ka bayar don tallafi, wa ke da izinin miƙa shi gaba?

Idan rani ya yi nisa, hatsin rumbu ya ja baya, sai ka ga masu rajista sun shigo ƙauyukan Dakoro, Mayahi ko Gidan Rumji. Suna rubuta sunan maigida, bakin da yake ciyarwa, awakin da suka rage masa, da lambar salula. Bayanin nan ba a hannu ɗaya yake kwana ba. Gwamnati na son sanin inda yunwa ta fi tsanani, ƙungiyar agaji ke riƙe da kuɗin, kamfanin salula ko na aika kuɗi kuma shi zai kai su hannun mai su. In kowa ya ɓoye abin da ya sani, wani gidan ya karɓa sau biyu, maƙwabcinsa ya kwana da yunwa. Don haka ni ban ga laifin musayar ba, tana ceton rai.

Sai dai tana da iyaka. A Nijar iyakar tana cikin doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022 kan kare bayanan mutum, wadda ta maye gurbin ta 2017. Hukumar kare bayanan mutum ta ƙasa, wato HAPDP, da ke Yamai ce ke sa ido a kanta.

Abin da dokar ke karewa shi ne duk bayanin da zai sa a gane wane ne: suna, lambar waya, hoto, zanen yatsa. Farashin tiyar gero a kasuwar Maradi ko yawan ruwan da ya sauka a Tasawa ba su nuna kowa, ana iya yaɗa su.

Zuciyar dokar ita ce dalili. Wanda ya karɓi bayaninka sai ya faɗa maka ko shi wane ne, me zai yi da shi, kuma wa zai ba. Abin da aka karɓa don rabon hatsi ba a juya shi ya koma tallan bashi ko kiran ƴan siyasa. Ba a tambayar abin da ya wuce buƙata, ba a kuma ajiye shi har abada. Haɗa rajistar wata ma'aikata da ta wata, ko fitar da bayanan ƴan ƙasa zuwa waje, yana da sharuɗɗan da HAPDP ke dubawa. Bayanin lafiya, addini da ƙabila sun fi tsauri, kuma duk wanda ya san yadda sirrin rashin lafiya ke kashe aure a garuruwanmu ya san dalili.

Kai ma kana da haƙƙi. Kana iya neman ganin abin da aka rubuta a kanka, ka sa a gyara kuskure, ka kuma kai ƙara gaban hukumar.

Inda abin ke damuna shi ne yarda. Doka na son mutum ya amince bayan ya fahimta. To tsohuwar da aka miƙa wa takarda da Faransanci, ga layi a bayanta, ga jikoki na jiran tuwo, ta dangwala yatsa, me ta fahimta? Karanta mata da Hausa wanda zai ga sunanta ba zai ci minti biyu ba. Mai gari da ke zaune a wurin rajistar yana iya cewa a yi hakan tun kafin a kira sunan farko.