Zanen Kewar Yarinta: Haɗin Katun da Zane Marar Siffa

Zanen kewar yarinta salo ne na zanen zamani da ke ɗauko hotunan da mutane suka taso suna gani, kamar 'yan katun, tambarin kayan masarufi da kayan wasan yara, ya cakuɗa su da dabarun zane marar siffa, wato irin zanen da launi da layi da motsin buroshi ke magana a cikinsa, ba kamannin wani abu ba. Ba ƙungiya ba ce mai shugaba. Hanya ce da masu zane da dama suka bi, kowa da irin hannunsa.

Tushensa biyu ne, kuma da can ba sa ga maciji da juna. Zane marar siffa ya fara tasowa a Turai a farkon ƙarni na 20, a hannun irin su Hilma af Klint 'yar Suwidin da Wassily Kandinsky ɗan Rasha. A ƙarshen shekarun 1940 Jackson Pollock a Amurka ya riƙa shimfiɗa ƙyallen zane a ƙasa yana ɗiga masa fenti daga sama. Zanen pop kuwa, wato zanen da ke ɗauko hotunan talla da katun da kayan masarufi, ya ɓullo a Landan a shekarun 1950, ya bunƙasa a Amurka, kuma martani ne ga zane marar siffa. Roy Lichtenstein ya zana Mickey Mouse da Donald Duck a 1961, Andy Warhol ya fito da gwangwanayen miyar Campbell guda 32 a 1962, dukansu sumul, kamar inji ne ya buga. Masu zanen baya-bayan nan suka zo suka zaunar da kishiyoyin nan biyu a kan ƙyalle ɗaya.

Aikin Joyce Pensato (1941–2019) ya fi nuna yadda abin yake. Takan zana fuskar Batman ko Mickey ko Homer Simpson da fenti mai sheƙi, baƙi da fari, ta bar shi yana zuba har ƙasa. Daga nesa kunnuwa biyu zagaye kawai sun isa a gane wane ne. Idan an matso, sai fuskar ta watse, ba abin da ya rage sai tsiyayar fenti da ƙarcen buroshi, kuma murmushin da aka sani tun ana yara ya koma abin tsoro. Katherine Bernhardt, wadda aka haifa a 1975, takan fara da fentin feshi ta zagaye siffar Pink Panther ko Garfield, sannan ta cike da ruwan fenti tsararo da ke malala ya ƙetare layi.

A Japan, Takashi Murakami ya ƙaddamar da ra'ayin da ya kira Superflat a 2000, inda ya danganta katun ɗin ƙasar da tsohon zanenta. A 2007 gidan adana zane na MoMA a New York ya yi baje koli kan masu wargaza hoton katun har ya koma marar siffa.

Kasuwarsa ta yi ƙarfi. A Afrilun 2019 aka yi gwanjon wani zanen KAWS, wanda sunansa na yanka Brian Donnelly, a gidan gwanjo na Sotheby's da ke Hong Kong kan kusan dala miliyan 14.7. Masu suka na cewa yaran da suka kalli katun ɗin ne suka girma suka yi kuɗi, yanzu suna sayen yarintarsu. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin da yawa daga cikin ayyukan ba su da wani abu bayan fuskar da aka ara.

Aron kuma yana jawo shari'a. A Mayun 2023 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, ta ba mai ɗaukar hoto Lynn Goldsmith gaskiya a kan gidauniyar Warhol, wadda ta ba wata mujalla lasisin buga zanen mawaƙi Prince da aka gina a kan hoton da Goldsmith ta ɗauka a 1981.