Ƙirƙira: kalmar da aka mayar ta sayen kwamfuta

Tun da gwamnatin tarayya ta saka ta a sunan ma'aikatar kimiyya a 2021 da na ma'aikatar sadarwa a 2023, kalmar "ƙirƙira" ta zama gishirin kowane jawabi. Za ka ji a rediyo an ce an raba wa ma'aikata kwamfutoci domin bunƙasa ƙirƙira. Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin kwamfuta kayan aiki ce kawai, kamar yadda fartanya take a hannun manomi.

Ƙirƙira ita ce mutum ya dubi abin da kowa yake gani kullum, ya fito da wani amfani da ba a taɓa yi da shi ba. Yaranmu sun fi kowa iya wannan. Yaro zai tsinci karan dawa, ya ɓare bayansa, ya yanka totuwar, ya harhaɗa mota har da ƙofa. Tayoyin kuma tsohon silifa ne. Ba wanda ya ba shi zane, kuma in ta ɓalle ba ya jin kunya, sake ɗaurawa yake yi.

Da irin wannan idon Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya dubi tukunyar ƙasa. Kowa ya san ruwan randa da sanyi. Shi sai ya tsaya a kan tambayar da babba ke jin nauyin yi: me ya sa? Ya sanya ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan yashin yana tsattsafowa ta jikin tukunyar waje, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin ciki. Gautar da kan yanƙwane cikin kwana 3 sai ta kai makonni. Babu lantarki, babu janareta. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki, kuma matan ƙauye da ke asarar tumatir da alayyafo su ne suka fara cin moriyarsa.

Inda ake ruɗewa shi ne, da an ce ma'aikaci ya yi tunani irin na yara sai a ɗauka ana nufin yarinta, wato wasa da aiki da rashin kamun kai. Ba haka ba ne. Abin da ake so a ara daga yaro shi ne yawan tambaya da rashin tsoron gwaji.

Wannan kuwa shi muke kashewa a ofisoshinmu. Na taɓa zama a wani taro inda wani sabon ma'aikaci ya ce, "Ranka ya daɗe, me ya sa ake cike takarda ɗaya sau uku?" Shugaban ya ɗago kai ya ce, "Haka muka tarar." Aka yi dariya. Na ga yadda yaron ya sunkuyar da kai yana juya biro, kuma har aka tashi bai sake buɗe baki ba. A watan da ya biyo baya ofishin ya shirya taron bita a kan ƙirƙira, aka kuma ba shi aikin jera kujeru.