Masu wanke fim a gida, ina kuke zubar da ruwan maganin?

Ni duba-gari ne, aikina shiga gida-gida duba rijiya, kwata da masai. Kwanan nan abu ɗaya nake ta cin karo da shi a gidajen samarin da suka koma ɗaukar hoton baƙi da fari da kyamarar fim, suna wankewa da kansu a banɗaki ko a zaure. Sana'a ce mai kyau, Allah ya sa albarka. Amma ruwan da kuke zubarwa ya hana ni sukuni.

In dai kan fim ɗinku ne, ba mai koya muku tsafta. Kun san ruwan rijiya mai laka yana barin ɗigo-ɗigo a jikin nagatif, wato fim ɗin da aka wanke, ruwan burtsatse mai zartsi kuma in ya bushe sai farin tabo. Na ga mai tace ruwa da farin ƙyalle, na ga mai sayen ruwan roba don ɗaurayar ƙarshe, har da mai jefa ƙanƙara don zafin ruwan ya sauko zuwa digiri 20. Da an gama kuwa, sai a ɗauki ragowar maganin a watsa a tsakar gida, dab da bakin rijiya. Haba ɗan'uwa! Rijiyar nan fa ita Umma ke ɗiba ta dama wa ƙannenka kunu.

Maganin fito da hoto, irin D-76 na kamfanin Kodak da ID-11 na kamfanin Ilford, yana ɗauke da sinadarin metol, mai jawo ƙaiƙayi da kurajen hannu. Maganin kafe hoto da kuke kira fiksa shi ya fi damuna, don azurfar jikin fim a cikinsa take narkewa. Azurfar nan guba ce ga kifi da ƙananan halittun ruwa, kwatar unguwa kuwa kududdufi ko rafi take nufa, can inda masu lambu ke ban-ruwa. Rijiyoyinmu da yawa ba zurfi, bakinsu ba siminti; da damina duk abin da aka zubar a ƙasa su yake gangarawa. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da wannan sinadarin.

Kar wanda ya sake ce mini "Malam, ai ɗan kaɗan ne." Kai ka zubar, abokinka ya zubar, sati-sati. Ku daina watsa shi a tsakar gida, ku daina tuttula shi a kwata. Na faɗa, ina ƙara faɗa.

Abin yi ba wuya, don Allah:

- A tanadi jarka mai murfi, a rubuta GUBA a jikinta. Tsohon magani da ruwan ɗaurayar farko duk su shiga nan.
- Fiksa a jarkarsa daban. A jefa soson ƙarfe a ciki, bayan kwanaki azurfar za ta kwanta baƙi a ƙasa.
- In ta cika, a zo ofishin duba-gari na ƙaramar hukuma a tambayi inda za a kai.
- Ɗauraya ba sai an bar famfo yana zuba ba. Hanyar Ilford ta wadatar: cika tankin wanke fim, juya sau 5, juye a jarka, sake cikawa, sau 10, sannan sau 20.
- Safar hannu. Bokiti da mazubi na fim kaɗai, kar su je kusa da randa.

Kuma kar a ajiye magani a gorar lemo ko ta ruwan sha, yaro ba ya bambancewa. In tsautsayi ya sa ya sha, kar a sa shi amai, kar a ɗura masa manja. A ɗauke shi da gorar a tafi asibiti nan take.