Wa ke koya wa hedimasta aikinsa? Amsoshi ga malaman Zongo a Kumasi

Malamai matasa a unguwannin Aboabo da Asawase sun sha tare ni da waɗannan tambayoyi bayan sallar La'asar, shi ya sa na tattara amsoshin wuri guda.

Shin sai an yi wani kwas na musamman kafin a zama hedimasta?

A makarantun gwamnati, Hukumar Ilimi ta Ghana, wato GES, ita ke naɗawa, kuma abin da ta fi dubawa shi ne matakin da malami ya kai a aiki, da shekarunsa, da yadda ya yi a intabiyu. Yawanci mutum yakan hau kujerar ne tukuna, sannan a riƙa kiransa taron bita. Wannan ne abin da ke damuna, domin iya koyar da lissafi daban, iya riƙon makaranta daban.

To, ina kuɗin gwamnati ke shigowa?

Babbar ƙofa ita ce hutun karatu da albashi. Malami zai tafi jami'a, albashinsa na shiga, da sharaɗin ya dawo ya yi wa hukuma aiki na wasu shekaru. Guraben ƙidayayyu ne, kuma akan fifita wasu darussa. Wanda ya zaɓi karatun lokacin dogon hutu ko na nesa kuwa, galibi daga aljihunsa zai biya.

A ina ake karatun?

Jami'ar Cape Coast tana da cibiyar IEPA, wadda aka kafa a 1975 don horar da masu tsara ilimi da shugabannin makarantu. Jami'ar Ilimi ta Winneba ma tana koyar da shugabancin makaranta.

Me ake koya wanda gogewa ba za ta ba mutum ba?

Kuɗi, da farko. Tun 2005 gwamnati ke ba makarantun firamare da na ƙaramar sakandare (JHS) kuɗi bisa yawan ɗalibansu, kuma hedimasta ba ya kashe ko sisi sai ya rubuta tsarin gyaran makaranta, kwamitin gudanarwa ya amince, ya kuma adana rasit saboda masu binciken kuɗi. Malamin kirki na iya shiga matsala a nan ba don ya ci komai ba, sai don ba a taɓa nuna masa yadda ake cike takardun ba. Sai kuma yadda za ka zauna a ajin wanda ya girme ka, ka gyara masa koyarwa ba tare da ka zubar masa da mutunci ba.

Me ya sa wannan ya shafe mu musamman?

Tun 1987 aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin GES, makarantunmu da dama suka shiga tsarin gwamnati. Shugaban irin wannan makaranta yana tsakanin jami'in ilimi na gunduma, da malamin da ya kafa ta, da iyayen da ke tsoron boko zai cinye lokacin Alƙur'ani. Ɗan unguwa da ya san harshensu, ya kuma samu horo, shi ya fi iya wannan zaman. Ina roƙon 'yan'uwa mata musamman su nema. A riƙa leƙa ofishin ilimi na gunduma, domin ta nan sanarwar hutun karatun ke fitowa.