Masu Lambun Mangwaro, Ku Ƙyale Gizo-gizon Bishiya

Da yawa daga cikin masu lambu sun saba share yanar gizo da sanda duk inda suka gan ta tsakanin rassa. A daina. Mai wannan saƙa ba ya cin ganye, ba ya taɓa 'ya'ya. Ƙwari kawai yake ci: ƙuda, asu, sauro da ƙananan ƙwaro masu tashi.

Akwai jinsin da masana ke kira Caerostris, gizo-gizon ɓawon itace, wanda ake samu a Afirka. Da rana yana manne da reshe, ya tattara ƙafafunsa 8 jikinsa ya yi lamo. Bayansa toka-toka ne ko ruwan ƙasa, da ƙulle-ƙulle kamar na ɓawo, har mutum ya ɗora hannu kusa da shi bai gan shi ba. Haka yake tsira daga tsuntsaye. Magariba na yi sai ya fito ya saƙa faifansa. Zaren da ya miƙe daga tsakiya zuwa gefe ba ya da danƙo, a kansa yake takawa. Wanda ya kewaya shi ne mai kama ƙwaro. Tamatar ta fi namiji girma nesa ba kusa ba, ita ce mai babbar saƙa. Wani ɗan'uwansa a Madagaska yana miƙa zare har mita 25 a kan kogi.

Kada a rikita shi da maɓarnata. In kun ga ganyaye sun liƙe da juna da zare, da kashin tsutsa a ciki, tsutsa ce, a yanke ƙullin a ƙone. In siririyar yana ce a ƙarƙashin ganye, ganyen yana ɗigon rawaya, mitsitsin ƙwari ne masu tsotson ruwa. Saƙar gizo kuwa a fili take, zagayayya.

Babbar matsalar ita ce feshin kan-mai-uwa-da-wabi da magunguna irin su saifametirin. Suna kashe gizo-gizo da sauran masu farauta, daga baya mitsitsin ƙwarin su yi yawa fiye da da. In feshi ya zama dole, a yi shi kan bishiyar da ta kamu kawai, bisa awon da ke jikin kwalba, kuma ba lokacin fure ba. Ƙudan mangwaro kuwa, wanda tsutsarsa ke ɓata 'ya'ya, tarko da tsince 'ya'yan da suka faɗi a binne su da zurfin rabin mita sun fi feshi aiki.

Gizo-gizon ba ya cizo sai an matse shi. In ya faru, a wanke wurin da ruwa da sabulu. In kumburi ya ci gaba, a je asibiti.