An ce ina da kansar bakin mahaifa, yanzu ya zan yi?

Likita ya ce wai ƙwayar cuta ce ta jawo, wace iri ce?

HPV sunanta, ta hanyar saduwa ake ɗauka, kuma yawancin masu aure maza da mata sai sun gamu da ita ba su ma sani ba, jiki ne ke kore ta da kansa. A wasu matan ne take maƙalewa, musamman nau'i na 16 da na 18 masu jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan kansar.

Kenan maigida ya ci amanata, ko za a ce ni ce na yi yawon banza?

'Yar'uwa dan Allah ki cire wannan a ranki, wallahi shi ya fi cin mata fiye da ciwon ma. Ƙwayar nan tana iya kwantawa shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama kansa, ba gwajin da zai nuna ranar da ta shiga ko daga wa, macen da namiji ɗaya ta sani duk rayuwarta ma tana kamuwa, to kin ga ba hujjar zargin kowa. In da hali ki tafi asibiti da maigidan ya ji daga bakin likita, kuma ba dole sai dangi kaf sun sani ba, ki zaɓi mai riƙe sirri da zai dinga raka ki.

Ana warkewa kuwa?

Sosai ma, in an kama ta da wuri. Ki tambayi likita mataki na nawa take, daga 1 zuwa 4 ne, shi zai nuna ko tiyata za a yi ko gashi (kashe ciwon da hasken na'ura, wato radiotherapy) haɗe da kimo (magungunan kashe ƙwayoyin kansa). Ana gashin a asibitin koyarwa na Shika a Zariya da babban asibitin ƙasa na Abuja, kuɗi kam yana ci, ki nemi ofishin walwala na asibitin tun farko.

Maganin gargajiya fa?

Addu'a kam kar ki daina ta. Amma watannin da ake ɓatawa ana shan jiƙe-jiƙe su ne ciwon ke yaɗuwa a ciki, duk abin da kike sha ki faɗa wa likita.

'Ya'yana mata za su gada?

Ba gadonta ake ba. A Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, allura ɗaya ce, ki kai su, ƙannenki masu aure kuma su je gwajin bakin mahaifa ko ba sa jin komai.